Hukuncin Sake Gina Nono Bayan Tiyatar Sankara

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce a Gombe, ina da 'ya'ya huɗu. Bara aka cire mini nonon hagu saboda sankara, kuma jiki ya yi sauƙi, amma zuciyata ba ta dawo daidai ba. Na daina zuwa biki da suna, ba na iya kallon jikina a wurin wanka, kuma ina ƙaurace wa maigidana. Likita ya ce akwai tiyatar sake gina nonon, sai yayata ta ce wannan canza halittar Allah ne, kukan da nake yi kuma rashin tawakkali ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ƙara miki lafiya, 'yar'uwa, Ya sa kaffara ne.

Wannan tiyata halal ce, kuma babu zunubi a kanki idan kika yi ta. Yayarki ta dogara ne da aya ta 119 a Suratun Nisa'i, mai magana a kan canza halittar Allah, da hadisin Ibn Mas'ud da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya tsine wa masu goge haƙora don yin wushirya da makamantansu, amma hadisin da kansa ya ɗaure hanin da cewa don neman kyau suke yi. Shi ya sa Imam Nawawi ya bayyana cewa idan don magani ne ko kawar da aibi, babu laifi. Hujja mafi kusa da halinki ita ce ta Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinare, duk da cewa zinare haramun ne ga maza. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi. Ke ma mayar da abin da cuta ta ɗauke kike nema, kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Putrajaya ta ƙasar Malesiya a 2007, ta ambaci sake gina nonon da aka cire a cikin tiyatar da ta halatta.

Maganar rashin tawakkali ita ta fi damuna, domin na sha ganin an rufe bakin mara lafiya da ita har ta daina faɗin abin da ke cinta. Annabi Yakubu (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah yake kai kukansa, kuma babu wanda ya fi annabawa tawakkali. Annabinmu (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da shari'a ta hana shi ne fushi da ƙaddara, da harshe ko da zuci. Macen da ta shayar da 'ya'ya huɗu da wannan gaɓa, ta wayi gari babu ita, kukanta ba abin zargi ba ne, har ma hadisi ya tabbatar da cewa damuwa da baƙin ciki suna kankare zunuban mumini kamar yadda ciwon jiki yake yi. Idan ƙuncin ya wuce mako biyu yana hana ki barci da cin abinci, ko kika ji rayuwa ta fita a ranki, to ki gaya wa likitanki ya haɗa ki da likitan ƙwaƙwalwa, ki kuma riƙe addu'a da azkar tare da magani.

Halaccin yana da sharaɗi. Dole likitan sankara ya tabbatar cewa aikin ba zai cutar da ke ba, ba kuma zai jinkirta sauran magani ba, musamman idan akwai gashin sankara da na'ura (radiotherapy) a gaba. A nemi likita mace, idan ba a samu ba namiji ya halatta, ba tare da keɓancewa ba, a buɗe iya wurin aikin. A gina shi daidai da ɗan'uwansa, ko da silikon ne ko da naman cikinki ko na bayanki, kuma abin da ke ƙarƙashin fata ba ya taɓa wanka ko alwala. Ki sani tun yanzu cewa nonon da aka gina ba ya ba da ruwa, jin taɓawa a cikinsa ma ba ya kai na asali, don kada ki ɗora masa begen da ba zai iya ɗauka ba. Tiyatar ba wajibi ba ce. Wadda ba ta da hali, ko ba ta so, tana iya sa na roba a cikin rigar mama, shi ma halal ne.

Shi kuma maigidanki, umarnin zama da mata da kyautatawa a aya ta 19 ta Suratun Nisa'i bai faɗi ba saboda cuta, kuma gori a kan wannan tabo, daga miji ne ko kishiya ko dangin miji, haramun ne. Ki zauna da shi ki faɗa masa dalilin ƙauracewarki, domin yana iya ɗauka ƙinsa kike yi, sannan ku je wurin likitan tare ya ji bayanin da kunnensa kafin ku yanke shawara.

Wallahu a'alam.