Maganin da aka haɗa a ɗakin bincike ya fi na tsirrai illa?

Ka tambaya ko maganin da masana sinadarai suka haɗa ya fi na ganye cutarwa. Ɗan'uwa, jiki ba ya tambayar asalin sinadari, tsarinsa da adadinsa ne ke aiki.

Duba maganin zazzaɓin cizon sauro. A 1972 Tu Youyou, masaniyar kimiyya ta ƙasar Sin, da abokan aikinta suka ware sinadarin artemisinin mai kashe ƙwayar cutar daga ganyen tazargade. Da yake ba ya narkewa sosai a ruwa, masana suka gyara tsarinsa, aka samu artesunate da ake yi wa mai tsananin zazzaɓi allura.

Abin da ke damuna shi ne masu dafa ganyen su sha. Ba a san adadin da ya shiga jiki ba, ƙwayar cutar na iya tsira ta saba da maganin. In zazzaɓi ya kama ka, a gwada jininka tukuna, likita ya rubuta maka magani.