Amsa: Buɗe huhun yaro da matsin injin numfashi yana tayar da kumburi?

Sista, kin tambaya ko ɗaga matsin injin numfashi na ɗan lokaci don buɗe sassan huhun da suka rufe yana iya tayar wa yaro da kumburi, alhali ana ganin oksijin ya hau bayan an yi. Yana iya, kuma hawan oksijin ba shaida ba ce cewa ba a yi ɓarna ba.

Huhun yaro mai ARDS, wato mummunan ciwon huhu da ke hana oksijin shiga jini, ba duka ne ya rufe ba. In yana kwance rigingine, ɓangaren baya ne ke rufewa ko cika da ruwa, na gaba a buɗe yake. Iska kuwa inda ya fi sauƙi take bi, don haka kafin matsin ya buɗe rufaffun jakunkunan iska, ya riga ya cika buɗaɗɗun fiye da kima. Naman huhun da ya miƙu haka yana sakin sinadaran kumburi irin su TNF-alfa, IL-1beta, IL-6 da IL-8. Siririn shingen da ke tsakanin iska da jini dama ciwon ya raunana shi, sai matsin ya ƙara tsattsage shi, sinadaran su tsallaka cikin jini su kai ga ƙoda da sauran gaɓɓai. Wani ƙaramin bincike a Nijmegen ta ƙasar Holan, da aka buga a 2010, ya ga ƙaruwar irin waɗannan sinadarai a jinin yara bayan yi sau ɗaya tak. Yaran kaɗan ne, amma ya isa gargaɗi. Ga kuma ƙirjin jariri da taushi, ba ya tare matsi kamar na babba, kusan duka a kan huhun yake sauka.

A manya masu ARDS, wani babban gwaji mai suna ART na 2017 ya samu mace-mace kashi 55 cikin ɗari a waɗanda aka yi wa buɗewa mai tsanani, sauran kuma kashi 49. Shawarar PALICC ta 2015, wato taron masana kan ciwon ARDS a yara, ba ta goyi bayan riƙe matsi mai yawa ba, irin santimita 40 na ruwa (ma'aunin matsin iska) na daƙiƙa 40. Ta fi son hawa da sauka a hankali da PEEP, wato matsin da inji ke bari a huhu bayan fitar da numfashi.

In ya zama dole, a ƙara PEEP da santimita 2 a kowane mataki, a dakata minti ɗaya zuwa biyu, ido na kan ƙarfin jini da bugun zuciya. Sannan a sauko mataki-mataki a tsaya inda huhun ya fi karɓar iska. Bayan an gama, matsin filato, wato matsin da ke cikin huhu a ƙarshen shigar iska, kada ya wuce santimita 28, tazararsa da PEEP kada ta wuce 15. Da zarar jini ya faɗi ko oksijin ya sauka, a bari. Yaron da iska ta tsere masa cikin ƙirji, ko matsin ƙwaƙwalwarsa ya hau, ko aka yi wa tiyatar zuciya ta Fontan, kada a fara.

Inda aka fi kuskure shi ne a buɗe huhu, sai a cire bututu daga inji don zuƙe majina. Nan take PEEP ya zube, huhun ya sake rufewa, a dawo a sake buɗewa. Wannan rufe-buɗen shi kansa yana hura kumburin. Ki yi amfani da bututun zuƙa na rufe, in kuma dole a raba yaron da injin, a danne bututun numfashin da kilam, wato abin matsewa, tukuna.