Tarihin marubuci a cikin nazarin littafinsa

Ka tambaya ko dole ne ka kawo tarihin marubuci a kundinka na nazarin ƙagaggen labarinsa. Ba dole ba ne. Idan kuma za ka kawo, ka tsaya a kan abin da ya shafi littafin kai tsaye: zamanin da aka yi rubutun, irin karatun da marubucin ya yi, da mutanen da ya rubuta dominsu. Sunan firamaren da ya yi da yawan 'ya'yansa ba sa ƙara wa warwarar jigo komai.

Na sha karanta kundayen da babi guda cur ya tafi a tarihi, sannan da aka zo nazari sai ɗalibi ya ɗauki tauraron labarin a matsayin marubucin, duk abin da tauraro ya faɗa ya ce ra'ayin mai littafi ne. A nan aikin ke lalacewa. Tun 1946 wasu masana biyu a Amurka, Wimsatt da Beardsley, suka ja kunne cewa niyyar marubuci ba ita ce ma'aunin aikinsa ba, masanin adabi Roland Barthes na Faransa kuma ya ƙara zafafa maganar a 1967. Ni dai ban bi su har ƙarshe ba, domin littafin da aka rubuta a ƙarƙashin mulkin mallaka ba ya fahimtuwa sosai sai an san halin da ake ciki a lokacin. Sharaɗin kawai, duk abin da ka ɗauko daga rayuwarsa ka nuna shafin da tasirinsa ya fito a matanin, a jigo ne ko a salo.