Amsa: Bincike kan siyasar makamashi daga Jos

Malama, kin tambaya ko wadda ta karanta kimiyyar siyasa a Jami'ar Jos za ta iya zama malamar jami'a mai bincike kan makamashi da muhalli. Ƙwarai kuwa, amma ki ƙware a ƙididdiga, domin fatar baki ba ta isa a muhawarar farashin wuta.

Abin bincike na nan a ƙofar gida. A 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba lantarki, dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Wa ya amfana? Ga kududdufan haƙar kuza da aka bari a Bukuru, kusa da Jos, har yau ana tambayar wanda zai gyara su.

In kin samu koyarwa a jami'ar gwamnati, TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, kan ɗauki nauyin digirin digirgir.