Tambayi Injiniya: Coci Ya Cika, Makaranta Na Yoyo, Da Wanne Za Mu Fara?

TAMBAYA

Baba Injiniya, barka da aiki. Ni ce ma'ajin Zumuntar Mata Katolika a ikilisiyarmu da ke wani gari a kudancin Jihar Katsina, kuma an saka ni cikin kwamitin gini. Cocinmu limaman mishan ne suka gina shi tun ina yarinya. Yanzu ran Lahadi kusan rabin jama'a a waje suke tsayawa ƙarƙashin darbejiya, in hadari ya taso kuwa sai kowa ya yi ta kansa. A cikin harabar akwai firamarenmu mai aji 6, kwanonta ya ci tsatsa, bangon aji biyu ya tsage, yara kuma sun yi mata yawa. Mun tara kuɗi daga bikin godiyar kaka na shekara 3 da gudummawar 'ya'yanmu na Abuja da Legas, wani kaso daga ciki da sunan makaranta aka karɓa. Maza a kwamiti na so a haɗe kuɗin a fasa bangon coci a faɗaɗa shi kafin ziyarar Bishop. Wani birkila, ƙanin ɗaya daga cikinmu, ya ce zai zuba dakin, wato rufin kankare, a kan ajujuwan ya ɗora bene, mu samu ƙarin aji 6 ba tare da sayen fili ba. Me kake gani?

Daga wata uwa a kwamitin gini

AMSA

Mama Ma'aji, barka kadai, Allah ya saka da alheri. Ni masallaci nake zuwa, amma a shekarun da na yi ina aikin gini tsakanin Zariya, Funtuwa da Kafanchan na zauna da kwamitocin coci ba ɗaya ba ba biyu ba, kuma rigimarsu da ta kwamitin masallacin unguwarmu uwa ɗaya uba ɗaya ce: kowa na son abin da za a gani daga bakin titi, ba mai son kashe kuɗi a abin da ƙasa za ta rufe.

Maganar benen nan, ki tsaya da ƙafarki ki ce a'a. Ginin aji irin na wancan zamani an yi shi ne don ya ɗauki katako da kwano. Fandishonsa yawanci siririn kankare ne a rami marar zurfi, babu rodi, babu ginshiƙi, wani ma bulon ƙasa ne aka yaɓe da siminti har ka rantse bulon siminti ne. Dakin mai kaurin inci 6 kuwa, kowace murabba'in mita ɗaya nauyinta ya kai kilo 350 ko fiye, wato kamar buhun siminti 7. Aji mai mita 7 da mita 8 ya ba ki murabba'i 56, ki lissafa, kusan tan 20 ke nan a kan aji guda, tun ba a ɗora bangon sama, benci da yara ba. Bangon da kika ce ya riga ya tsage shi za a ɗora wa wannan?

Na taɓa zuwa duba wata makaranta da aka yi wa irin wannan alkawari. Shugaban kwamiti ya ce ginin Turawa ne, ko jirgi ya sauka a kai ba abin da zai same shi. Na sa lebura ya haƙa jikin kusurwa, bai kai gwiwarsa ba muka ga ƙarshen fandisho, gara kuma ta yi gida a ciki. Ba wanda ya sake cewa uffan. Ki tuna abin da ya faru a unguwar Busa Buji ta Jos ranar 12 ga Yuli 2024, inda benen makaranta ya rufta ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu, galibinsu ɗalibai. Kafin nan, a Satumba 2014, masaukin baƙi na cocin Synagogue a Legas, wanda ake ƙara wa hawa a kan tsohon gini, ya rushe da mutum sama da 100. Birkilan naku ba lallai mugu ba ne, wataƙila ma hannunsa na da kyau a jera bulo. Amma lissafin nauyi ba aikinsa ba ne. Ku nemi injiniyan gine-gine mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya zo ya haƙa, ya ƙwanƙwasa, ya rubuta rahoto da hatiminsa. Kuɗin da zai karɓa bai kai na tifa kaɗan ta yashi da tsakuwa ba.

Tsagar bangon ma tana magana, in an iya saurare. Wadda ta tsaya a filasta kamar zaren gizo ba komai ba ce. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ta nufi ƙasa, ko wadda samanta ya fi ƙasanta buɗewa, alama ce ƙasa na motsi ƙarƙashin ginin, kuma sau da yawa ruwan da ke zuba daga kwano ne ke cin gindin bango shekara da shekaru. Ki sa a shafa ɗan siminti a kan tsagar a rubuta kwanan wata a gefe. In bayan wata guda ya sake darewa, a fitar da yara daga ajin, ko da a ƙarƙashin darbejiyar za su ƙarasa zangon.

Yanzu ga batun haɗe kuɗi, kuma a nan dokar cocinku ce za ta tsaya miki, ba ni ba. Wani Fada, wato limamin Katolika, da na yi wa aiki shi ya fara buɗe mini kundin dokokin Cocin Katolika na 1983 a kan teburinsa, ranar da wani attajiri ya so a karkatar da kuɗin rijiya zuwa fentin gaban coci. Doka ta 1267 ta ce baikon da masu bi suka bayar don wata manufa, a kan wannan manufar kaɗai za a kashe shi. Saboda haka abin da aka karɓa da sunan makaranta, na makaranta ne, ko kwamiti gaba ɗaya ya ɗaga hannu. Doka ta 537 ta wajabta wa kowace ikilisiya ta samu majalisar kula da kuɗi, ta 1287 kuma ta ce a riƙa ba masu bi bayanin abin da suka bayar. Ta 1215 ta hana gina coci sai da rubutaccen izinin Bishop, babban aiki irin fasa bango da faɗaɗawa ma ya wuce hidimar yau da kullum, sai an rubuta wa dayosis, wato yankin da Bishop ke shugabanta, an sami amsa a rubuce kamar yadda ta 1281 ta tanada. Ki roƙi Fada, cikin ladabi, ya karanta waɗannan a zaman kwamiti. Daga bakinsa za su fi shiga kunnen maza fiye da daga naki, haka duniyar take.

Tunda za a rubuta wa dayosis, a duba takardun fili. Dayosis ɗin Katsina sabo ne, a 2023 aka cire shi daga na Sakkwato aka naɗa Bishop Gerald Musa, don haka tsofaffin takardu na iya kasancewa da tsohon suna, wasu filayen mishan ma kyautar mai gari ce ta baki da baki. A gyara wannan, a kai zane hukumar tsara birane ta jiha a sami amincewa kafin a sauke bulo ko ɗaya.

Da ni ne, ga yadda zan bi. Wannan rani, kuɗin makaranta ya tafi ga sabon kwano da katako mai magani, gyaran bangon da injiniya ya ce zai gyaru, da daɓen kankare mai gangara kewaye da ginin don ruwa ya daina kwanciya a gindinsa. In da saura, a ja sabon layin aji 2 ko 3 a ƙasa. In kuna mafarkin bene nan gaba, wannan sabon layin ne za a yi wa fandisho da ginshiƙan bene tun yau, a rufe shi da kwano, ya jira. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce ɗalibi 35 ga malami ɗaya a firamare, da wannan za ku auna ajin da kuke buƙata. Kada a manta da bayan gida, na 'yan mata daban, kuma in na rami ne ya yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya.

Shi kuwa coci, faɗaɗa shi ba laifi ba ne, amma bangon gefe shi ke riƙe da rufi, ba a sa masa guduma sai an tsayar da ginshiƙai da ƙarfen da zai karɓi nauyin. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara tsawo ta wajen ƙofar shiga. Mafi kyau a idona ita ce a fitar da fiffike biyu dama da hagu kusa da bagade, ginin ya ɗauki siffar gicciye, kowa na kallon bagade ba tare da ginshiƙi ya tare shi ba. A bar ɗan rata tsakanin tsohon gini da sabo a cike da abu mai laushi, domin sabon zai ɗan zauna, in an ɗinke su gam sai ya ja tsohon ya tsaga. Ƙofofi su yi yawa, su riƙa buɗewa waje. Kafin nan, rumfar kwano mai kyau a jikin coci da lasifika za ta raba mutane da ruwa, kuma ku tambayi Fada ko zai yiwu a ƙara sujada ɗaya ran Lahadi, ko da yake na san ƙauyuka ma na jiransa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne "kafin ziyarar Bishop". Kankare ba ya sanin Bishop, kwana 28 yake so kafin ya kai ƙarfin da aka lissafa masa, kuma a iskar hunturu irin tamu sai an yi ta ba shi ruwa safe da yamma aƙalla mako guda. A Disamba 2016 a Uyo, rufin wani coci da aka yi ta hanzarin kammalawa saboda bikin naɗi ya rufto kan jama'a, gwamnan jihar na lokacin, Udom Emmanuel, na ciki ya tsallake rijiya da baya. In Bishop ya zo, a ba shi cokalin magini ya sa harsashi, ya sa albarka, ya ci tuwon da Zumuntar Mata za ta tuƙa.

Ke kuma da jakar kuɗi ke hannunki: a buɗe asusu biyu a banki da sunan ikilisiya, na coci daban na makaranta daban, kowanne da sa hannun Fada da na wani. A sa mai ƙiyasin kuɗin gini ya rubuta komai dalla-dalla, a karɓi farashin 'yan kwangila 3, a biya mataki-mataki bayan injiniya ya duba. Naira na zagwanyewa a ajiye, kin ga yadda buhun siminti ya haura 10,000 a farkon 2024, amma kada tsoron haka ya sa ku jibge siminti, bayan wata 3 yana fara daskarewa. Rodi da kwano su ne ke jure ajiya. Bulo kuma ku buga naku a harabar, kada buhu ɗaya ya wuce bulo 35 na inci 9. Matasa su ɗebo yashi, mata su kawo ruwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Birkilan nan ma a ba shi aikin jera bulo a ƙarƙashin injiniya, ya ci abincinsa, zumunci bai ɓaci ba.

TAMBAYA

Injiniya, ni katikis ne, mai koyar da addini a coci, a wani ƙauye kusa da Kwantagora. Silin cocinmu irin farin allon nan ne na da, ya fara farfashewa. Matasa sun ce za su sauke shi da kansu ran Asabar. Akwai matsala?

AMSA

Malam Katikis, akwai. Irin wannan allo na da sau da yawa akwai asbestos a ciki, kuma ƙurarsa in ta shiga huhu tana jawo cuta bayan shekaru masu yawa, har da sankara. Kada a fasa, kada a sa zarto, kada a share da tsintsiya a bushe. A jiƙa shi da ruwa, a kwance ƙusa a sauke shi ɗai-ɗai, masu aikin da takunkumin ƙura na gaske ba ƙyalle ba, a naɗe a leda mai kauri, a tambayi ma'aikatan tsaftar muhalli na ƙaramar hukuma inda za a binne. Yara kada su kusanci wurin, kuma kada wani ya kwashi gutsattsarin ya kai gida ya rufe akurkin kaji.