Tambaya da Amsa: Ana iya rainon guringuntsi a ɗakin gwaji?

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ciwon gwiwa ya hana mahaifina zaman tahiya, sai a kan kujera yake salla. An ce guringuntsin ne ya cinye. Na ji wai a Turai ana ɗibar ƙwayoyin guringuntsin mutum a raine su, a mayar masa. Me ya sa ba a yi wa kowa? Daga wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari.

AMSA: Allah ya ba Baba lafiya. Ba ƙarya ka ji ba, Alhaji. A 1994 likitocin Gotenbag ta ƙasar Suwidin, su Brittberg da Peterson, suka wallafa sakamakon wannan aiki a kan mutum 23. Sai dai akwai lauje cikin naɗi.

Ran da aka yi miyar kaza a gida, ka duba kan ƙashin cinya. Farin nan mai santsi da sheƙi, wanda yara ke gurgura, shi ne guringuntsi. Babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa, shi ya sa in ya ji rauni ba ya warkewa da kansa. Ƙwayoyinsa ƙalilan ne, kowace a ɗan raminta, a dunƙule kamar ƙosai, tana saƙa zaren da ake kira kwalajin nau'i na 2 da wani sinadari mai riƙe ruwa.

To, da zarar an zuba su a farantin roba don su hayayyafa, sai su baje kamar gurasa. Na tuna ranar da na fara ganinsu a madubin ƙara girma, na ɗauka an musanya mini faranti ne. Gadon halittar da ke cikinsu yana nan, ba abin da ya goge. Abin da ya sauya shi ne wace ƙwayar gado ke aiki, wace ta yi barci. Ƙwayar gadon da ake kira SOX9, wadda ita ce sarkin aikin saƙa guringuntsi, sai ta lafa. Kwalajin nau'i na 2 ya ja baya, nau'i na 1 ya taso, irin na fata da tabo. Duk sauyin faranti abin ƙaruwa yake yi. Ga yawa an samu, ga sana'a an manta.

Ana iya tuna musu. A 1982 Benya da Shaffer suka sa ƙwayoyin zomo da suka baje cikin wani abu mai kauri kamar kamu, suka sake dunƙulewa, suka koma saƙa nau'i na 2. Rage musu iskar oksijin ma yana taimakawa, don da ma a gwiwa kaɗan suke samu.

Batun Baba kuwa, ba zan ɓoye maka ba. Wannan aiki na cike ɗan gurbi ne, irin wanda matashi ke samu a filin ƙwallo. Gwiwar da amosanin gaɓɓai ya cinye ko'ina ba ta cikin lissafi. Ka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a ɗauki hoton gwiwar yana tsaye, ku tafi da duk magungunan da yake sha.