Lambobin nan da ka gani, su ne amsar ƙamus ɗin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina da ya yi tambaya jiya da daddare, na ga saƙonka, na kuma ga hoton allon da ka turo. Don waɗanda ba su bi zancen ba, 'yar manhaja yake rubutawa da harshen kwamfuta na Common Lisp, yana aiki da SBCL, wato manhajar da ke gudanar da harshen, da laburaren Drakma mai aika buƙata intanet ya karɓo amsa, so yake ya ba ta kalma ta je ƙamus na intanet ta ɗebo masa ma'ana. To maimakon ma'ana sai lambobi suka zubo masa, 91, 123, 34, 119, har ƙasa. Shi ne yake tambaya ko ya haƙura da API ɗin, wato ƙofar da ƙamus ɗin ya buɗe wa manhajoji, ya koma yankar rubutu daga shafin ƙamus ɗin kai tsaye. Bayanin zai yi tsawo a rubuce, shi ya sa na ce bari in yi murya.

Ƙanina, kada ka koma ko'ina. Manhajarka ta je, ta gaisa da uwar garke, wato kwamfutar da ƙamus ɗin ke kai, an ba ta amsa, ta dawo lafiya. Lambobin nan su ne amsar. Ɗauki teburin ASCII, wanda ke nuna lambar kowane harafi, ka duba. 91 ita ce baka mai kusurwa da ake buɗe jeri da ita, 123 baka mai lanƙwasa, 34 alamar zance, 119 kuma harafin w. In ka bi na gaba za ka tarar 111, 114, 100 ne, wato an fara rubuta word. JSON ne aka aiko maka, wato tsarin rubutun da manhajoji ke musayar bayanai da shi, sai dai a bayit-bayit yake, ba a mayar da shi haruffa ba tukuna.

Dalili kuwa shi ne Drakma, wanda Edi Weitz ya rubuta, yana da tsantseni. In uwar garke ta ce abin da ta aiko nau'in text ne, sai ya mayar maka da shi rubutu. In ta ce application/json ne, to shi ba ya cikin jerin abin da yake ɗauka a matsayin rubutu, sai ya miƙo maka ɗanyen bayit ya ce ka yi yadda kake so. Ni wallahi ina ganin wannan halin kirki ne, don gara a ba ka abu ɗanye da a fassara maka shi ba daidai ba. Hanya biyu ce. Ko dai ka ƙara application da json a cikin *text-content-types* na Drakma, ko kuma ka bar bayit ɗin su zo, ka miƙa su ga babel:octets-to-string, ka faɗa masa encoding ɗin utf-8 ne. Ta biyun na fi so, don kai da bakinka ka faɗi tsarin haruffan. In ka bi ta farkon, ka sani in uwar garke ba ta ambaci charset ba, Drakma latin-1 yake ɗauka sai in ka canza masa, kuma latin-1 ba ta san haruffan furuci da ƙamus ke sakawa ba. Za ka ga wajen da aka nuna yadda ake furta kalma ya fito a hargitse. Ƙa'idar JSON ɗin kanta, RFC 8259 ta 2017, ta ce abin da ake musaya tsakanin na'urori da UTF-8 za a yi shi, saboda haka ba ka da wani kokwanto a nan.

Akwai kuma Dexador na Eitaro Fukamachi, shi ma laburare ne irin Drakma, yana cikin Quicklisp, rumbun laburaren Common Lisp. Shi dex:get ɗinsa yana mayar maka da JSON rubutu da kansa. In ka ga dama ka koma shi, ba laifi, amma ba dole ba ne.

Yanzu tafiya. Yadda haruffa ke lalacewa wajen dawowa, haka suke lalacewa wajen zuwa. Ƙamus ɗin da na gani a hotonka, api.dictionaryapi.dev, kalmar a cikin adireshin take zama, bayan api/v2/entries/en. In kalmar Turanci ce zalla kamar water, ba za ka ga matsala ba. Ran da ka ba shi kalma mai fili a tsakani, ko mai alama a kai, ko ka koma Wiktionary kana neman kalma mai ƙ ko ɗ ko ɓ, ran nan za ka gane. Adireshin intanet ba ya ɗaukar waɗannan haruffa tsirara, sai an mayar da kowane bayit alamar kashi-cikin-ɗari da lambarsa. Harafin ƙ a UTF-8 bayit biyu ne, C6 da 99, saboda haka a adireshi %C6%99 yake zama. Harafin ɗ kuma %C9%97. Ba da hannu za ka yi ba, quri:url-encode zai yi maka. Ka lura da abu biyu dai. Shi url-encode ɗin Drakma yana mayar da fili alamar tarawa, wanda ya dace da ɓangaren tambaya bayan alamar tambaya, amma a tsakiyar adireshi %20 ake so. Sannan in kai ka riga ka gyara adireshin, ka ba Drakma :preserve-uri t don ya aika shi yadda ka ba shi, kada ya sake taɓawa.

Wani abin da na hango a lambarka, wato rubutun manhajarka, da alamar kwat ka ba da kalmar, wato symbol ka yi amfani da shi. Mai karanta lamba na Common Lisp yana mayar da symbol manyan baƙaƙe. In ka rubuta polish zai zama POLISH. A Wiktionary kuwa polish da ƙaramin baƙi shafi ne daban, Polish da babban baƙi shafi ne daban. Ka sa kalmarka cikin alamar zance ta zama jeren haruffa tun farko, ka huta.

To mu zo ga abin da na fi so ka riƙe. Kada ka rubuta manhajar nan a dunƙule, fankishin ɗaya ya je ya ɗebo ya fassara ya buga. Raba ta uku. Na farko aikinsa zuwa da dawowa kawai. Na biyu ya karɓi rubutu ya mayar da shi tsarin Lisp. Na uku ya shiga cikin tsarin ya tsamo abin da kake so. Kana da REPL a gabanka, wato wajen da kake rubuta umarni ka ga amsa nan take, ko ta SLIME ko ta Sly, wannan ai shi ne gatan mai Lisp. Kira na farkon sau ɗaya, ajiye amsar da defparameter, ka zauna ka ƙare mata kallo da inspect, ba sai ka yi ta komawa intanet ba duk sanda ka gyara layi ɗaya. Yawancin wahalar da masu koyo ke sha, suna rubuta yadda za a tsamo ma'ana ne alhali ba su taɓa ganin siffar amsar da idonsu ba.

Kuma http-request na Drakma ba abu ɗaya yake dawowa da shi ba. Ƙima da yawa yake bayarwa, ta farko gangar saƙon, ta biyu lambar matsayi, ta uku kanun saƙo, da sauransu. In ka kama da let, ta farkon kawai ka samu, sauran sun zube ba ka sani ba. Yi amfani da multiple-value-bind ka duba lambar matsayi kafin komai. 200 lafiya. 404 a wannan ƙamus yana nufin ba su da kalmar, kuma su ma JSON za su aiko, amma siffarsa daban ce, ba jeri ba ne, ɗan bayani ne mai cewa ba a samu ma'ana ba. 429 kuma an ce ka cika aike, ka sassauta. Drakma ba ya tayar da kuskure don ya ga 404, shiru zai miƙo maka. Dexador shi yana tayarwa, sai ka tare da handler-case. Ka san wanne kake riƙe da shi. Na Merriam-Webster ma ya fi wannan dabara: yana buƙatar mabuɗi, kuma in bai san kalmar ba, jerin kalmomi masu kama da ita yake aikowa a matsayin shawara. Kai kana jiran teburin hash, wato mai mabuɗi da ƙima, sai ga rubutu zalla, gethash ya fashe maka. Ka duba nau'in abin da ke cikin jerin kafin ka shiga cikinsa.

Wajen fassara JSON, laburare suna da yawa, Yason, cl-json, Jonathan, jzon. Kowanne da halinsa. Yason yana mayar da abu mai baka lanƙwasa teburin hash, mabuɗansa jeren haruffa ne, kuma yadda aka rubuta su haka za ka nema, partOfSpeech da babban O da babban S. cl-json shi alist yake bayarwa, ya kuma canza sunan ya koma keyword, part-of-speech. Inda nake so ka buɗe ido shi ne nil. A Lisp nil shi ne ƙarya, shi ne jeri fanko. A JSON kuwa false daban, null daban, jeri fanko daban. Yason in ba ka saita shi ba, duk ukun nil zai ba ka. A ƙamus wannan yana da tasiri, don "babu misali a wannan ma'anar" da "ba a aiko filin misali ba sam" ba ɗaya ba ne ga mai son tsara abu da kyau. gethash yana dawo da ƙima ta biyu da ke gaya maka ko mabuɗin yana nan, ka riƙa kama ta. jzon kuma ya raba su tun daga tushe, jeri ya zama vector, null ya zama symbol nasa. Siffar amsar dai hawa-hawa ce: jerin shigarwa, kowace tana da meanings, kowace meaning tana da nau'in kalma da definitions, a ciki ne definition ɗin yake. loop biyu ko uku cikin juna sun gama aikin.

Abu ɗaya da zan roƙe ka don Allah, kada ka taɓa miƙa abin da ya fito daga intanet ga read-from-string. Mai karanta lamba na Lisp yana iya zartar da umarni yana tsaka da karatu in ya ci karo da alamar hash da ɗigo, muddin *read-eval* a kunne yake, kuma a kunne yake zuwa.

Maganar yankar shafi kuma, ana yi, akwai Plump da lquery don haka. Amma shafi don idon mutum aka yi shi, ran da suka sauya masa fasali manhajarka ta mutu ba sanarwa. Kuma wasu ƙamus sharuɗɗansu sun hana. Tunda an buɗe maka ƙofa me zai sa ka hau katanga. Ka dai yi ladabi a ƙofar. Ka sa teburin hash ka ajiye abin da ka riga ka tambaya, da :test equal fa, don eql ba ya gane jeren haruffa biyu masu rubutu iri ɗaya. Ka sa wa'adin jira don kada manhajar ta sandare in layi ya yanke. In Wiktionary ne ka sa User-Agent da ke bayyana manhajarka, Wikimedia sun rubuta haka a ƙa'idarsu, kuma rubutunsu lasisin CC BY-SA gare shi, in za ka nuna wa jama'a sai ka ambaci tushe.

Bari in ƙara maka wata hanya da nake matuƙar so, don da yawa ba su san da ita ba. Akwai yarjejeniyar da aka ƙera musamman don ƙamus, sunanta DICT, RFC 2229 ce, ta fito a 1997, Rickard Faith da Bret Martin suka rubuta. Ba HTTP, ba JSON, ba mabuɗi. Da laburaren usocket za ka buɗe layi zuwa uwar garken dict.org a ƙofa (port) ta 2628. Za ta tarbe ka da layi mai farawa da 220. Ka rubuta DEFINE, fili, wn, fili, kalmarka. wn ɗin nan WordNet ne na Jami'ar Princeton. Akwai gcide, akwai foldoc na kalmomin kwamfuta. In ka sa tauraro a madadin sunan ƙamus ɗin, duk ƙamus ɗin da ke wurin za a duba. In ka sa alamar motsin rai, ana samu a na farko za a tsaya. Amsa za ta zo da 150 da adadin ma'anonin da aka samu, kowace ma'ana ta fara da 151, rubutun ya biyo baya, ya ƙare da layin da ɗigo ɗaya ne kawai a kansa. 250 an gama. 552 ba a samu ba. Har da umarnin MATCH, ka ba shi prefix ya kawo kalmomin da suka fara da abin da ka rubuta, ko lev ya kawo waɗanda harafi ɗaya ya raba su da taka, maganin kuskuren rubutu ke nan. Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, gwada da curl, ya san dict:// sarai. Masu Emacs kuma, tun daga Emacs 28 dictionary-search yana ciki, da Emacs Lisp aka rubuta shi, kana iya buɗe lambar ka karanta yadda suka yi.

In za ka gwada ta, abu uku ke kama mutane. Kowane layi da ka aika sai ya ƙare da Return da Linefeed duka biyun. Bayan ka rubuta sai ka kira force-output, in ba haka ba umarninka yana nan kwance bai tafi ba, kai kana jiran uwar garke ita tana jiranka. Sannan read-line zai bar maka Return a wutsiyar kowane layi, sai ka share shi da string-right-trim kafin ka gwada ko ɗigo ne, in ba haka ba madaukinka ba zai taɓa ganin ƙarshen ma'anar ba. Layin da asalinsa da ɗigo ya fara, uwar garke tana ninka masa ɗigon, kai kuma ka cire ɗaya. Ka naɗe duka cikin unwind-protect don ko kuskure ya faru a aika QUIT a rufe layin. Ka sani dai wannan hanyar ba a ɓoye saƙonta, kuma wasu cibiyoyin sadarwa suna toshe ƙofa ta 2628, in ka ga ta ƙi haɗuwa ka fara zargin wannan kafin lambarka. Wassalam.